Kebul ɗin wuta na ƙarƙashin ƙasa da injinan shago: a matsa, a sake waya, ko a sa garkuwa?

Duk mai ƙaramar masana'anta a Sharaɗa, Bompai ko Challawa a Kano, ko Kakuri a Kaduna, ya san irin wannan ciwon kai. Injin CNC, wato injin ƙira da kwamfuta ke sarrafawa, ya tsaya a tsakiyar aiki ba gaira ba dalili. Lambobin sikeli su riƙa rawa alhali babu wanda ya taɓa buhu. Na'urar auna zafin tanda ta nuna wani abu yanzu, an jima ta nuna wani. Sai wani ya tuna ai akwai kebul ɗin 11kV, wato bolt dubu goma sha ɗaya, da aka binne ta gindin katanga zuwa taransifomar maƙwabta. Daga nan shawara ta yi yawa: wannan ya ce a kwashe injin, wancan ya ce a shimfiɗa ƙarfe a daɓe, wani ya ce a rubuta wa kamfanin wuta ya zo ya tone kayansa. Kowace shawara da kuɗinta, kuma tsakanin mai araha da mai tsada akwai tazarar da za ta iya cinye ribar shekara.

Zan faɗi inda na tsaya tun yanzu: a mafi yawan shaguna, gyaran wayoyin cikin shago ne ke kawo sauƙi, kuma shi ya kamata a fara gwadawa kafin a ɗauko diga ko a yi odar faranti. Amma akwai wuraren da hakan ba zai wadatar ba, shi ya sa ya kamata a duba kowace hanya da kyau.

Me ke fitowa daga kebul ɗin?

Rigar ƙarfen da ke jikin kebul da ƙasar da ta rufe shi suna tare ƙarfin lantarkin da ke kewaye da waya. Abin da ba sa tarewa shi ne ƙarfin maganaɗisu. Wannan yana ratsa ƙasa, kankare da bulo kamar babu su, yana juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, wato 50Hz, daidai da wutar Najeriya da Nijar. Yawansa ya dogara ne da amfiyar da ke gudu a wayar, ba da girman bolt ba. Don haka kebul ɗin 415V mai ɗauke da amfiya 600 yana iya fin na 33kV mai amfiya 100 damun maƙwabta.

Ana auna shi da maikrotesla. Ga lissafi na misali: wayoyi uku na fes uku, an jera su a kwance da tazarar santimita 10 tsakaninsu, kowace na ɗauke da amfiya 400 daidai wa daida. A nisan mita ɗaya za a samu kusan maikrotesla 14. A mita biyu ya koma 3.5. A mita huɗu bai kai 1 ba. Wato duk lokacin da ka ninka nisa, ƙarfin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, saboda fes ukun suna kashe juna.

Akwai kuma wani nau'in da ya fi wannan naci. Idan wutar da ta tafi ta kebul ba ta dawo duka ta cikinsa ba, wani ɓangare ya ɓalle ta bututun ruwa, rodin gini ko wayar atin mai sauke wuta cikin ƙasa, to wannan ɓataccen kason ba shi da abokin da zai kashe shi. Amfiya 20 kacal da ta ɓalle haka tana ba da maikrotesla 4 a mita ɗaya, 2 a mita biyu, 1 a mita huɗu. Ka lura: a mita huɗu, amfiya 20 ɗin nan ta riga ta fi amfiya 400 da ke tafiya a daidaice.

To nawa ne ke iya rikita inji? Ƙa'idar IEC 61000-6-2, wadda ake gwada kayan masana'antu da ita, tana buƙatar na'ura ta jure kusan maikrotesla 38. Moto, injin niƙa, kwamfaresa da injin lanƙwasa ƙarfe ba su ma san ana yi ba, don maganaɗisun cikinsu ya ninka wannan nesa ba kusa ba. Masu rauni su ne ƙananan sigina masu tafiya a doguwar waya. Sansar sikeli takan ba da milibolt 20 ne kacal idan an ɗora mata cikakken nauyi. Sansar zafi nau'in K tana ba da kusan maikrobolt 41 a kowane digiri. Idan wayar zuwa da ta dawowa suka buɗe suka kewaye fili mai faɗin murabba'in mita ɗaya, maikrotesla 10 zai cusa musu kusan milibolt 3. Na'ura mai inganci tana tace yawancin wannan, mai araha kuwa sai lambobi su kama rawa. Tsofaffin injina masu allon gilashi mai ƙeya, irin na tsohuwar talabijin, su ma hotonsu yana fara kaɗawa tun daga kusan maikrotesla 1.

Kafin ka kashe ko sisi

Ɗaukewar wuta a ƙasarmu ta ba mu gwajin da ba ya cin kuɗi. Ka jira ranar da layin da ke ba kebul ɗin wuta ya mutu, ka tada janareta, ka yi aikin da ya saba kawo matsalar. In matsalar tana nan daram, kebul ɗin ba shi da laifi. Sai dai ka tabbatar kebul ɗin ya mutu da gaske, don wani lokaci yana kan wani layi daban da naka. Ka kuma ajiye littafi kusa da injin, duk lokacin da ya yi gardama yaron shago ya rubuta ƙarfe nawa da abin da ake yi a shagon. Sau da yawa za ka ga lokacin ya zo daidai da kunna walda ko tashin babban moto. Wayar walda ɗaya mai amfiya 200, in ta yi nesa da wayar dawowarta, tana ba da kusan maikrotesla 80 a nisan rabin mita. Babu kebul ɗin ƙasa da zai yi maka wannan a tsakar shago. Haka inbatar da ke sarrafa gudun moto da injin yankan filasma, su ne manyan masu watsa hayaniya a wayoyi.

Bayan haka a samo injiniya mai na'urar da ke auna maganaɗisu ta fuska uku lokaci guda, ya bi daɓe yana aunawa mita bayan mita, a lokacin da masana'antun unguwa ke kan ganiyar aiki, ba ranar Lahadi ba. Manhajar waya ba ta wadatar a nan, don maganaɗisun duniya wanda ba ya motsi ta fi gani.

Ma'aunan zaɓi

Abubuwa biyar nake dubawa. Na farko kuɗi, har da asarar kwanakin da inji zai tsaya. Na biyu ƙarko, musamman a wurin da ke da ƙura, zafi, ɓeraye da masu jan waya ba tare da tambaya ba. Na uku sauƙi: za a iya yi da ma'aikata da kayan da ke garin, ko sai an jira kaya daga waje? Na huɗu haɗari ga rai, ga inji da ga doka. Na biyar shi ne wanda ake yawan mantawa: idan ya zamana ba kebul ɗin ne mai laifi ba, shin kuɗin da ka kashe zai yi maka wani amfani?

1. Matsar da inji ko akwatin kwamfutarsa

Lissafin da ke sama ya nuna mita biyu ko uku na iya rage ƙarfin ninki goma. Sau da yawa ba sai an ɗaga injin gaba ɗaya ba, akwatin sarrafawa da hanyar wayoyin sigina kawai za a mayar ɗaya bangon. In shagon na da fili, wannan ba ya cin komai sai ladan ma'aikata, kuma ba ya lalacewa har abada. Matsalar tana ga inji mai nauyi da aka zuba wa harsashin kankare, ko sikelin mota da aka gina a rami. CNC da aka matsar sai an sake daidaita shi a kan ma'auni, in ba haka ba ka gyara wata matsala ka jawo wata. Kuma idan ɓatacciyar wuta ce ke bin rodin gini, matsawa ba ta cika yin tasiri ba, don tana iya bin ka har sabon wurin.

2. Sake wayoyin sigina

Nan ne na fi so mai shago ya zuba hankalinsa. Abin da ke kama maganaɗisu shi ne filin da ke tsakanin wayar zuwa da ta dawowa. In ka murɗe su tare, filin ya zama ƙanana-ƙanana masu kashe juna. Shi ya sa murɗaɗɗiyar waya ke yin abin da faranti mai tsada ke fama ya yi.

Akwai kuskuren da ya yaɗu. Mutane na sayen waya mai rigar saƙar jan ƙarfe suna zaton ta gama magana. Rigar tana tare hayaniyar inbata da walda, amma maganaɗisun 50Hz yana ratsa ta kusan ba tare da ya ragu ba. Murɗin ne ke wannan aikin. Don haka a nemi wadda ta haɗa biyun, murɗi da riga. Yadda za a haɗa rigar da atin kuma, ko a kai ɗaya ko a duka biyun, a bi abin da littafin injin ya ce, kada a bar wa mai gyara ya yi yadda ya saba.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne amma suna da tasiri. A raba wayar sigina da ta wuta da aƙalla santimita 20 zuwa 30, kada a cusa su a bututu ɗaya. In dole su haɗu, su gitta juna a miƙe, kada su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ragowar waya kada a naɗe ta gammo a jefa bayan inji. Sigina mai rauni a mayar da ita 4 zuwa 20 miliamfiya tun daga bakin sansa, ko a tura ta ta RS-485, wani tsarin tura bayanai a murɗaɗɗiyar waya wanda ke iya tafiyar mita 1,200. Idan kuma wayar za ta tsallaka daga wannan gini zuwa wancan ta kan kebul ɗin da aka binne, a sa faiba. Gilashi ce, maganaɗisu ba ya kama ta ko kaɗan, kuma ranar da kebul ɗin ya fashe wuta ta shiga ƙasa, ba za ta ɗauko wutar ta kai cikin kwamfutarka ba.

Kuɗinsa kaɗan ne zuwa matsakaici, ana iya yinsa inji bayan inji a ƙarshen mako. Rauninsa biyu: jabun waya mai alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe ta cika kasuwa, kuma ɓera ba ya jin kunyar waya mai tsada, sai an bi da ita ta bututu. Babbar fa'idarsa ita ce ko kebul ɗin ƙasa ne mai laifi, ko walda ce, ko inbata, duk yana taimakawa.

3. Gyara atin da nutural, da sa filta

Wannan yana tafiya tare da na biyu. Abin da ake nema shi ne a toshe inda wuta ke ɓallewa. A shaguna da yawa za ka tarar an haɗa nutural, wato wayar dawowar wuta, da atin a wuri uku ko huɗu: a taransifoma, a babban akwati, a janareta, wani lokaci har a jikin inji. Makunnin sauya wuta daga layi zuwa janareta in mai ƙafa uku ne, nutural ɗin biyu suna nan a haɗe koyaushe, kuma nan ma hanya ce ta ɓallewa. Ƙwararren mai aikin wuta zai ɗaura mitar auna amfiya ta maƙalawa a kan dukkan wayoyin kebul ɗin shago lokaci guda. In komai daidai ne, abin da za ta nuna ya kusa sifili. In ta nuna amfiya goma ko ashirin, an kama ɓarawon.

A nan ne kuma ake sa filta a bakin inbata, a ba kwamfutar inji taransifomar keɓewa tata, a raba layin walda da na CNC tun daga babban akwati. Ka sani dai filta ba ta taɓa maganaɗisun da ke ratsowa ta daɓe, abin da ke biyo waya kawai take tarewa.

Haɗarin wannan hanya yana ga hannun da ya yi ta. Akwai masu gyara da in sun ga hayaniya ta ragu bayan sun cire wayar atin daga inji, sai su bar ta a cire. Wannan ganganci ne da ran ma'aikaci, kada ka yarda ko da injin ya koma aiki sumul. Atin kuma yana son dubawa, musamman da rani lokacin da ƙasa ta bushe.

4. Sake shimfiɗa kebul ɗin

Maganin tun daga tushe ke nan. Idan aka tattaro wayoyi ukun aka ɗaure su a kusurwa uku kamar duwatsun murhu, suna taɓa juna, misalin nan namu na maikrotesla 14 zai sauko kusan 4 a nisan mita ɗaya. Kebul mai wayoyi uku a riga ɗaya ya ma fi haka. Ana iya ƙara zurfi, ko a kauce da shi daga jikin ginin, ko a zura duka ukun a bututun ƙarfe guda. Kada a kuskura a ba kowace waya bututun ƙarfenta daban, don bututun zai yi zafi sosai. Wayoyin da suka matsu da juna kuma ba sa huce zafi kamar waɗanda aka baza, don haka sai an sake lissafin amfiyar da za su iya ɗauka.

In kebul ɗin naka ne, daga taransifomarka zuwa akwatinka, aikin yana hannunka, da injiniya mai rajistar COREN, majalisar kula da aikin injiniyoyi, da kuma duban NEMSA, hukumar duba ingancin ayyukan lantarki. In na KEDCO ne, ko Kaduna Electric, ko NIGELEC a Nijar, ba ka da ikon taɓa shi. Sai ka rubuta, ka jira, kuma ka shirya cewa kuɗin aikin zai iya faɗowa kanka. Haƙa kusa da kebul mai rai yana kisa. Hanya ce mai tsada da jinkiri, amma in an yi ta an gama, sai an yi shekaru masu yawa.

5. Garkuwar faranti

Ita ce mutane suka fi ɗoki, kuma a nan aka fi asarar kuɗi. Ragar waya, kwanon rufi ko takardar alminiyam ba sa tare maganaɗisun 50Hz. Abin da ke aiki iri biyu ne. Akwai farantin alminiyam mai kauri, milimita da yawa, wanda wutar da ke zagaye a cikinsa ke tunkuɗe ƙarfin. Dole a yi wa gaɓoɓinsa walda ɗinki ɗaya, ba ɗaurin kusa ba, kuma ya zarce wurin da ake karewa sosai, don maganaɗisu yana zagayowa ta gefe. Akwai kuma ƙarfe mai janye maganaɗisu cikin jikinsa, irin na cikin taransifoma, ko mu-metal mai nikel kusan kashi 80 cikin 100. Shi mu-metal yana da kyau ga ƙaramin akwati da zai rufe sansa ɗaya, amma in an lanƙwasa shi ko an buga shi da guduma, ingancinsa ya faɗi.

Garkuwa tana ragewa ne, ba ta kashewa. In an sa ta dab da kebul tana ƙara masa zafi. Ɗanyen siminti yana cin alminiyam in ba a shafe shi da abin kariya ba. Wadda ke waje kuma, a fili, sai an yi tunanin 'yan jari-bola. Mafi muni, in laifin na walda ne ko na atin, ka binne kuɗinka a daɓe ke nan.

6. Na'urar soke maganaɗisu

Sansa ce ke auna ƙarfin, sannan wayoyin da aka kewaye ɗaki da su su fitar da kishiyarsa. An yi ta ne don ɗakunan bincike masu na'urar hangen ƙananan abubuwa ta ilektron da makamantansu, inda ko kashi ɗaya cikin goma na maikrotesla yana ɓata aiki. Tana kare ɗan ƙaramin wuri, tana son wutar da ba ta yankewa, kayan gyaranta kuma sai daga waje. Shagon ƙira ba ya buƙatarta.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | In ba kebul ne mai laifi ba |
|---|---|---|---|---|---|
| Matsar da inji | Kaɗan, sai in akwai harsashi | Na dindindin | Mai sauƙi in akwai fili | Ɓacin daidaiton inji | Amfani kaɗan |
| Sake wayoyin sigina | Kaɗan zuwa matsakaici | Mai kyau in an kare waya | Mai sauƙi | Jabun waya | Yana amfani sosai |
| Atin, nutural, filta | Matsakaici | Sai da dubawa | Sai ƙwararre | Babba in an yi ba daidai ba | Yana amfani sosai |
| Sake shimfiɗa kebul | Mai yawa | Shekaru masu yawa | Mai wuya, sai da izini | Haƙa kusa da wuta | Asara |
| Garkuwar faranti | Mai yawa | Mai kyau in an kare ta | Sai da lissafin injiniya | Zafi, sata | Asara |
| Na'urar sokewa | Mafi tsada | Ya dogara da kulawa | Sai masana daga waje | Tsayawa in wuta ta yanke | Asara |

Wani zai tambayi lafiyar ma'aikata. Hukumar ICNIRP, ta ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan kariya daga irin wannan ƙarfi, a 2010 ta sa iyakar maikrotesla 200 ga jama'a da 1,000 ga ma'aikata a wurin aiki, kuma abin da ake samu a saman kebul irin wanda muke magana a kai yana ƙasa da haka nesa. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya dai ya tambayi likitansa kafin ya tsaya kusa da walda ko taransifoma.

Wa ya dace da wanne?

In injinanka moto ne da bel da giya, babu kwamfuta, kebul ɗin ba shi ne damuwarka ba. Ka duba faɗuwar bolt da rashin daidaiton fes.

In sikeli ne ke rawa, ko ma'aunin zafi, kamar a injin casar shinkafa, gidan burodi ko masana'antar roba, ka fara da hanya ta biyu. Mai CNC, injin filasma ko injin surfani na kwamfuta da ke tsayawa haka kawai ya haɗa ta biyu da ta uku, ya kuma raba layin walda.

In haya kake yi, kada ka zuba kuɗi a daɓen wani. Ka matsa, ka gyara wayar da za ka iya naɗewa ka tafi da ita.

Mai gina sabon wuri shi ne ya fi kowa sa'a: tun a kan takarda ya sa a ɗaure kebul a kusurwa uku, a bi da shi ta bayan sito ko wurin ajiye motoci, ɗakin kwamfuta ya koma can ɗaya ɓangaren. A wannan matakin kusan ba ya ƙara komai a kuɗin gini.

Garkuwa kuma ta wanda awo ya tabbatar masa da cewa ƙarfin da ke daɓensa ya kusa ko ya wuce abin da injinsa zai jure ne, ba shi da wurin matsawa, kebul ɗin kuma ba nasa ba ne. Shi ma ya sa a rubuta a yarjejeniya maikrotesla nawa za a samu a gaban injin bayan an gama, a auna a gabansa lokacin da layin ke ɗauke da cikakken lodi, sannan ya biya cikon kuɗin.